Ƙarfen Laima da Ƙofar Kicin

"Ku matsa, yau za ku ga aiki!" in ji mijin 'yata, ya durƙusa gaban ƙofar kicin. Tun da ya yi ritaya ba abin da yake sai goge ƙarafan laima, wai kayan buɗe makulli yake ƙerawa.

Iska ce ta bugo ƙofar. Mabuɗi yana ciki kan tebur, miya tana kan wuta.

Ya zura ƙarfen laima a kafar mabuɗi, ya murɗa, gumi har haɓa. Can muka ji ƙaras! Ya tura, ƙofa ta ƙi.

Na ce, "Sannu, Malam. Da ma a buɗe take, yanzu ka kulle ta."

'Yata ta shaƙi ƙauri. "Inna! Me ya hana ki faɗa?"

"Ni da surukina? Ai da kunya."

Na ɗauki mayafina, sai gidan maƙwabta.