Mai Auna Fili

Malam Zahiru, wanda ɗalibai ke kira Mushe irin na Faransanci, ya jingina da ƙarfen raga, gwiwoyinsa na zogi. Shekara talatin yana koyar da ƙwallo a kwalejin nan ta Malanville, ya gaji. Wata uku ana ta raɗe-raɗin cewa Abdulwasi'u, tsohon ɗalibinsa da ya yi suna a waje, zai dawo ya karɓi horar da yara.

Yau ga shi ya zo, yana taka filin daga raga zuwa raga, yana ƙirga taku.

Mushe ya cire usur daga wuyansa, ya miƙa masa.

"Amshi, ɗana. Ni dai na kai iyakata."

"Mushe, mi za ni yi da shi?"

"Ba kai za ka riƙe yaran ba? Na ga kana auna hilin."

Abdulwasi'u ya sunkuyar da kai. "Ba su hwaɗa maka ba? Sayen hilin na yi. Kamiyoyi, manyan motocin albasa, za su riƙa tsayawa nan."

Mushe ya janye hannunsa. Sannan ya mayar da usur wuyansa, ya busa.

"Yara, ku ɗauko ƙwallo. Mu tahi neman wani hili."