Tashi Ɗari

Tun da aka kafa sabuwar doka, makanikin da ya gyara wayoyin wutar jirgin sama ba ya komawa gida sai ya bi jirgin tashi ɗari lafiya lau. In wuta ta ɗauke, ko na ƙiftawar ido ne, ƙirga ta koma farko.

Shekara uku ke nan Tasalla tana kai wa mijinta Tukur, makanikin jirgi, abinci duk ranar da jirginsa ya sauka Kano. Minti goma ake ba su a gindin matakala.

"Saura biyu, Baban Iklima," ta ce, tana miƙa masa kwanon dambu. "Har na sa an yi wa ɗakinka shafe."

Idonsa na kan fitilar ƙofar jirgin. Tasalla ta waiwaya. Fitilar ta mutu, ta sake kamawa.

"Ba wanda ya gani," ta ce da raɗa. "Don girman Allah."

"Mutum ɗari biyu za su shiga, Tasalla."

Ya ajiye kwanon, ya ɗauki jakar kayan aiki, ya hau.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta durƙusa ta rufe masa dambun, kada ya huce.