Riƙe Mana Kafin a Turo Wani

Allin ya karye a hannun Ishaya, bai ko sunkuya ya ɗauka ba. Bayansa na ciwo, muryarsa ta dishe tun hantsi.

Tun da rikicin sittin da shida ya sa Mista Okoro, malamin lissafi, ya hau jirgin ƙasa a Funtuwa bai waiwayo ba, nauyin 'yan aji uku na sakandaren mishan ya faɗo kan Ishaya. Shugaban makaranta ya miƙa masa littafin Okoro, ya ce, "Riƙe mana kafin a turo wani." Aka girbe dawa, aka tsinke auduga, shiru kake ji.

Ajin ya fi ƙarfin murya ɗaya, sai ya kasa su kashi-kashi. Masu saurin ganewa a gaba, suna taimakon juna. 'Yan dama-dama a tsakiya. Bakin taga ya tara waɗanda lissafi ya gagara, can yake yini durƙushe gefen bencinsu. Kujerar malami kuwa bai taɓa zama a kanta ba.

Mudi, ɗan ƙauyen Gozaki, ya fi kowa gajiyar da shi. Babansa ya rantse in ya faɗi jarrabawar bana, gona zai koma.

"Malam, wallahi kaina ba ya ɗauka," in ji Mudi. Sauran suka ƙyalƙyale da dariya, kamar kullum in aka ce wa Ishaya Malam.

"Zai ɗauka. Sake daga farko."

Ana cin abincin rana, shi yana duba aikinsu. Da la'asar ana buga ƙwallo, shi yana gindin ɗorawa yana kokawa da darasin gobe. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya je wajen shugaba ya roƙa a sauke masa wannan kaya, aka ce ya ƙara haƙuri, babu wani.

Ranar jarrabawa ya bi su rukuni-rukuni. A bakin taga ya tsaya wajen Mudi. Ya dafa kafaɗarsa. "Fara da wadda ka sani. Kada ka yi sauri."

Shugaba ya shigo rungume da takardu. "Ishaya, ya isa haka. Lokaci ya yi."

Ishaya ya goge hannu a gajeren wandonsa na makaranta, ya ce Mudi ya matsa, ya zauna a gurbinsa na da a benci, ya rubuta sunansa a saman takarda kamar kowane ɗan aji uku.