Waken Marigayiya

Kande, malamar gona, tana wucewa ta lura da wata kunyar wake a gonar Baba Mantau: ganyen duk ya karkata gabas. Sabon iri ba ya haka, fitilar da hukuma ta kafa a gonaki kaɗai yake bi, ba rana ba. Duk gonar da Kande ta rubuta cewa akwai tsohon iri, tuge ta ake yi.

"Baba, wannan fa?"

Tsohon ya dafa fartanyarsa. "Na marigayiya matata ne, a tulu ta bar min. Ban koya masa ba, 'yar nan. Shi ya san rana."

"An hana, Baba."

"To, ki faɗa masa. Ni ba ya jin maganata."

Kande ta daɗe tana kallon ganyen. Sannan ta mayar da bironta jaka, ta nufi gona ta gaba.