Cokali Goma a Bokiti Ɗaya

Kaji ɗari uku ne a rumfar da ke bayan gidan Maman Auta, kuma da su take riƙe da yara huɗu tun da aiki ya ƙi maigidanta. Mace ce mai zafin nema, ga zafin rai. Burinta ɗaya ne: Auta, 'yarta mai shekara tara, ta yi karatun da ita ba ta samu ba.

Wata rana ta leƙa ajin su Auta, ta tarar Malama ta jera kofuna da robar ruwa a kan tebur, yara sun kewaye ta ana zubawa ana ƙirgawa. Nan take ranta ya ɓaci, ta faɗa ofishin shugaban makaranta.

"Malam, wasan ruwa na kawo 'yata? In wanke-wanke ne ai akwai a gida. Ɗan maƙwabciyata ya haddace sau har na sha biyu, tawa tana nan tana jiƙa riga."

"Maman Auta, so ake su gane abin da lamba take nufi kafin hadda," in ji shugaban.

Ba ta saurare shi ba. Ta zuga wasu iyaye, suka yi ta zarya har aka mayar da Malamar wani aji, aka kawo wani malami mai bulala. Shi hanyarsa gajeriya ce. Da safe waƙar sau, da rana dabarar cin jarrabawa: "In kun ji 'saura' a tambaya, ku ɗebe. In kun ji 'kowane', ku yi sau. Kada wanda ya ɓata mini lokaci da tunani."

Ƙarshen zango Auta ta ci ɗari bisa ɗari. Babu gidan da Maman Auta ba ta shiga da takardar nan ba.

Ana haka zawo ya kama kajin, likitan dabbobi ya ba ta garin magani. Tana shirin haɗawa sai ga waya, ƙanwarta na naƙuda a asibiti. Tana neman takalmi tana magana: "Auta, cokali biyu ne a kowace lita goma. Bokitinmu lita biyar ne. Ki haɗa ki zuba musu, ke ce mai lissafin gidan nan."

Da yamma ta dawo, ta ji rumfa shiru. Ta tura ƙofa. Kaji kwance birjik, ƙafafu a miƙe, wasu na shure-shure a gindin mazubin ruwa. Ledar maganin da ya kamata ta yi mako ta kusa ƙarewa.

"Cokali nawa kika zuba?"

"Goma, Mama."

Kafin yarinyar ta rufe baki mari ya sauka. Ta dafe kunci tana kuka. "Ai kin ce 'kowace'. Malam ya ce sau ne. Biyu sau biyar goma."

"Rabin goma nawa ne?"

"Biyar."

"Rabin biyu fa?"

"Ɗaya."

"To me ya hana ki zuba ɗaya?"

"Ba ki tambaye ni rabi ba, Mama."

Washegari Maman Auta ta saka matacciyar kaza a leda, ta shiga ajin ko sallama babu, ta dire ta a kan teburin malamin.

"Ga sakamakon ɗalibarka, ka sa mata maki."

Ya ja kujera baya. "Baiwar Allah, 'yarki ba ta taɓa faɗuwa a ajina ba."

Ta juya wajen yaran, ta maimaita musu maganar cokali da bokiti. Hannuwa suka tashi da sauri. Wannan ya ce goma, wancan ashirin, wata ta ce ɗari tana murmushi. Cikin yara arba'in babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko ƙaramin bokiti zai ci magani fiye da babba.

Hayaniyar ta fito da shugaban. Ya dubi kazar, ya dube ta. "Maman Auta, abin da kika zo kika nema shi muka ba ki. Laifina shi ne na biye miki."

Ta ɗauki ledar kazarta ta fita.

Kaji goma sha bakwai ne suka tsira. Sauran ita da maigidanta suka haƙa rami suka binne. Babban ɗansu ya bar makaranta a zangon da ya biyo, don babu kuɗin biya. Auta kuwa, har yau in aka ce ta auno ko gishiri ne, sai ta ce a aiki yayarta.

Iyaye da malamai, yaron da ya haddace lamba bai san yawan abin da take nufi ba, bai iya lissafi ba, ko da ya ci ɗari bisa ɗari. Ku bar shi ya auna, ya zuba, ya raba da hannunsa, ya yi tambaya, tun kuskurensa bai wuce jiƙa riga ba.