Ƙafar Inna Sa'a

Firdausi ta ɗaga tsumman da aka naɗe ƙafar da shi, sai tsutsotsi suka zubo cikin tasa. Ta danne numfashi. A jami'ar mishan inda take shekara ta uku a karatun jinya, akwai darasin da malamarsu ke maimaitawa har ya gundure su, wai kome ka gani a jikin majinyaci kada fuskarka ta nuna masa. A aji abin da sauƙi, don mutum-mutumin roba da suke gwaji a kansa ba ya wari.

Nan kuwa ƙaramin asibitin ƙauye ne a yankin Dogon Kiriya, inda aka turo ta sitaj, wato koyon aiki a aikace. Ƙa'idar jami'a ita ce kowace ɗaliba ta ɗauki majinyaci ɗaya ta bi shi har ƙarshe. Rabon Firdausi ya faɗa kan Inna Sa'a, tsohuwar da wani maƙwabci mai suna Sallau ya kawo a amalanke, bayan wari ya hana matansa cin tuwo a tsakar gida.

Ba ƙafar kaɗai ba ce. Gashinta ya dunƙule da ƙwarƙwata, zanenta ya bushe da fitsari, ga layu da wuri sun daskare da dauɗa a damtsenta. 'Yar bori ce tun tana budurwa. Firdausi ta taso a Dogon Dutsi, a gidan da ko sunan doguwa, aljanar 'yan bori, ba a ambata. Mahaifinta, Alhaji Naziru, mutum ne mai tsananin tsafta da tsananin sunna, wanda kullum yake cewa ya taso maraya ya gina kansa da kasuwanci, kuma da ƙyar ya bar ta ta shiga makarantar Kirista, yana kashedin kada ta kwaso musu ƙazanta. Ranar farko sai da ta zaga bayan asibiti ta yi amai.

Majo Hindatu, shugabar asibitin, ta duba ƙafar ta ce magana ɗaya ce: a kai tsohuwa babban asibitin Dogon Dutsi a yanke daga gwiwa, in ba haka ba ruɓar za ta hau sama ta kashe ta. Inna Sa'a ta ƙi. Ta ce ba mai taɓa mata ƙafa sai yaron nan ya yarda.

Ashe tana da ɗa. Firdausi ta tambaye ta sunansa, tsohuwa ta sunkuyar da kai kamar an zage ta.

"Ɗiyata, mi kika so in ce? Ɗan fari na. Ba ni faɗin sunanai."

Mace tana ruɓewa da ranta, amma tana jin kunyar ɗan fari. Firdausi ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

Sallau bai daɗe da tarewa a unguwar ba, bai san sunan ɗan ba, amma ya ji labari. Ɗan ya tafi birni tun yana saurayi, ya yi arziki, ya yi ilimi, ya dawo ya ce uwarsa ta ƙona kayan borinta. Ta ƙi. Shi kenan ya shafe ta daga rayuwarsa. Majo ta ce za ta sa dattawan ƙauyen su nemo shi.

Daga nan ƙyamar Firdausi ta sauya gida. Tana wanke gyambon tana tsine wa mutumin da ba ta sani ba. Ta aske wa tsohuwa kai, ta yanke mata farce, ta koyi dama mata fura yadda take so. Layun ma ta wanke su da sabulu ta mayar. Duk da haka baƙin ruɓar yana hawa ƙwauri kullum, zazzaɓi ya fara sa Inna Sa'a sambatu. Ko a sambatun, yaron nan take kira, tana tambaya ko ya ci abinci. Wannan ya fi warin ƙona wa Firdausi rai.

Ta tanadi maganganun da za ta gaya masa in ya zo. Ta san jami'a ba ta yarda ɗaliba ta ci mutuncin dangin majinyaci ba, amma ta ce ko za a kore ta sai ta faɗa.

Ranar kasuwa da hantsi wata mota ta tsaya a ƙofar asibiti, sai ga Alhaji Naziru ya fito cikin farar shadda. Daɗi ya kama Firdausi, don tun da ta fara karatun bai taɓa leƙa inda take aiki ba. Shi kuwa da ya gan ta sai ya ja ya tsaya, ya ce ai ya zaci Dumega aka tura ta. Ba ta tsaya gyara masa ba. Ta ja shi zuwa ɗakin majinyata tana zayyana masa labarin tsohuwar da ɗanta marar imani, ta ce tunda shi mutum ne da ake jin maganarsa, ya taimaka a nemo wannan azzalumin kafin uwar ta mutu.

Alhaji ya bi ta a baya. A bakin ƙofa ya ciro hankici ya toshe hanci.

Inna Sa'a ta buɗe ido ta dube shi sau ɗaya. Sai ta ja gefen zane ta rufe fuska, ta juya wajen bango.

"Ɗiyata," ta ce a hankali, "ba yaron nan ruwa shi sha, ya sha hanya."