Tsakuwar da Aka Bari a Ido

Wani sashe na labarin nan ya kuɓuce mini. Garin da abin ya faru na manta, ko Bichi ne ko Dambatta, kuma sunan mutumin ya tafi tare da sauran abubuwan da tsufa ya kwashe. Amma ka saurara, abin da ya rage ya isa.

Wani mai ɗinkin hula ne idonsa na dama ya kumbura daga ciki. Yana ganin duniya kamar ta cikin hayaƙi, zare ya ƙi shiga kafar allura, ga shi na hagun dama tun yana yaro ba ya gani sosai. Idan na daman ya tafi, sana'a ta tafi. A asibiti aka ba shi maganin ɗigawa, shi kuwa yau ya manta, gobe ya zuba na kwana uku don ya rama. Da likita ya ga haka sai ya kashe masa zafin wurin, ya sa masa wani ɗan abu a can cikin idon, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya ce magani ne aka dunƙule, zai riƙa narkewa kaɗan-kaɗan kamar kanwa a gindin randa, wata da watanni.

Da ya koma gida, yayarsa ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an bar tsakuwa a ido da gangan ba. Mako ya wuce bai ga sauƙi ba, sai ta ja shi wurin wata tsohuwa mai cire abin da ya faɗa ido da harshe. Tsohuwar ta buɗe fatar idon, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta sake shi. Ta ce, "Ɗan nan, ni abin da iska ta jefa nake cirewa. Wanda aka ajiye, mai ajiyar za ka koma wa." Ya koma wa likita yana roƙon a cire. Likita ya auna idon, ya ce lafiya lau, ya je ya zauna, ya riƙa zuwa ana dubawa. Ya zauna, ba don ya yarda ba. Hayaƙin ya riƙa janyewa ba tare da ya san ranar da ya fara ba, har wata safiya ya zura zare a allura kafin ya tuna cewa ba ya iyawa.

Da na je karɓar tabarau bara, na tambayi likitan ido ko daga baya ana cire irin wannan abu. Ya ce ba a cirewa, idan magani ya ƙare shi ma ya narke, ko an leƙa ba a samun komai. Ka ga ashe Hausawa ba ƙarya suka yi ba da suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.